Sassauci Ko 'Yanci? Amsa Ga Wani Mai Karatu Daga Gadarif

Wani malamin makaranta daga Gadarif ta ƙasar Sudan ya aiko yana tambayar dalilin da ya sa gidajen rediyon Hausa suke kiran 'yan jam'iyyar Liberal ta Birtaniya "masu sassaucin ra'ayi", alhali a littattafan Larabcin da yake koyarwa da su "Hizbul Ahrar" ake cewa. Ya kuma nemi bayanin karin maganar nan, "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski", wadda ya ji an yi wa jam'iyyar.

Malam, kalmar "sassauci" daga "sassauta" ta fito, kuma asalinta a igiya yake. Idan makiyayi ya ga dabaibayi ya ci ƙafar akuya, yakan rage ƙarfin ɗaurin ba tare da ya kwance ta ba, wannan shi ne sassautawa, shi ya sa muke cewa zazzaɓi ya sassauta alhali mai shi yana kwance. "Ahrar" kuwa jam'in "hurru" ne, wato ɗa wanda ba bawa ba, kuma sunan jam'iyyar ma daga kalmar Latin mai wannan ma'ana ya samo asali. A nan Larabci ya fi mu kusa da tushe, domin "'yanci", ko "ɗiyauci" a bakin Sakkwatawa, shi ne kishiyar bauta.

Duk da haka ina ganin fassararmu ta fi dacewa da aikin jam'iyyar a gwamnati, saboda rage ɗauri ta yi ta yi. Bayan gagarumar nasararta a zaɓen 1906, ta kawo fanshon tsofaffi a 1908, sannan a 1911 ta kafa inshorar lafiya ta ma'aikata, ta kuma rage ikon Majalisar Dattawa ta masu sarauta. Sai dai mu da muke Sudan muna da abin tunawa: gwamnatin Gladstone, babban jagoranta, ita ce ta mamaye Masar a 1882, kuma shi ne firaminista lokacin da dakarun Mahadi suka ci Khartum a Janairun 1885 aka kashe Janar Gordon, hafsan Birtaniya da yake tsare birnin. Gladstone ya taɓa faɗa a majalisa cewa mutanen Sudan 'yancinsu suke nema bisa gaskiya, amma igiyar da ya ɗaura wa Masar bai sassauta ta ba, abin da yake damuna duk lokacin da na karanta tarihinsa.

Karin maganar kuwa tana nufin wanda ya karɓi lada ba shi da damar ƙyamar aikin, komai muninsa. A 1988 jam'iyyar ta haɗe da wata, suka zama Liberal Democrats, kuma a 2010 ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da masu ra'ayin riƙau, inda shugabanta Nick Clegg ya zama mataimakin firaminista David Cameron. Kafin zaɓe 'yan takararta sun yi wa ɗalibai alkawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba, amma da suka hau kujera, shugabanninsu suka sa hannu aka ɗaga shi har fam 9,000 a shekara. Kujerar mulki ita ce ladan, ƙarin kuɗin shi ne askin. A zaɓen 2015 kujerunta 57 suka koma 8.