Amsa kan dafa wake da nama a tukunyar firesha

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin tambaya ko tukunyar firesha ta dace da girkin yau da kullum, kin kuma ce tsoron fashewarta ne ya hana ki amfani da ita. A ganina ta dace ƙwarai, musamman ga wake da nama mai tauri. Da yake murfinta yana tsare tururi, zafin ruwan da ke ciki yana kaiwa kusan digiri 120 maimakon 100, shi ya sa abincin yake nuna da wuri kuma ba a ƙona gas da yawa.

Haɗarin yakan zo ne daga cika ta fiye da ƙima. Kada ki wuce kashi biyu cikin uku, idan kuma wake ne ko shinkafa ki tsaya a rabi, domin suna kumbura suna yin kumfa, kumfar kuwa tana iya toshe ƙofar da tururi yake fita. Kafin kowane girki ki tabbatar ƙofar nan a buɗe take, robar murfin kuma ba ta tsage ba. Bayan kin kashe wuta, ki jira tururin ya sauka gaba ɗaya kafin ki buɗe, kada ki taɓa buɗe murfin da ƙarfi. Ganye kam ba na sa shi ciki, domin yana saurin narkewa.