Tambaya da Amsa: Shin Finidi George koci ne na gaske?

Tambaya: Malam, musu ya ɓarke a majalisarmu ta mai shayi. Abokina ya ce Finidi George suna kawai yake ci, bai iya horarwa ba, shi ya sa ya gudu ya bar Super Eagles. Ni kuma na ce ai ya taɓa cin kofi. Ka raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ɗan'uwa, kai ne da gaskiya, amma abokin naka ma bai tafi hannu rabbana ba.

Na san Finidi tun ina yaro, muna cunkushe gaban talabijin ɗin maƙwabcinmu a 1994, lokacin da ya zura wa Girka ƙwallo a gasar cin kofin duniya a Amurka, ya durƙusa yana rarrafe. Ɗan Fatakwal ne, lamba bakwai, mai gudu ta gefen dama. Ya koma Ajax ta Amstadam a 1993, kuma a 1995 shi da Kanu suka ɗaga kofin zakarun Turai ƙarƙashin Louis van Gaal, bayan sun doke AC Milan da ci ɗaya mai ban haushi a Biyena. Daga nan sai Real Betis a Sifaniya, inda magoya baya kan jefo masa malafa idan ya ci ƙwallo. Mallorca da Ipswich kuwa, ƙafa ta riga ta fara sanyi.

To, batun koci. A 2021 Enyimba ta Aba ta ɗauke shi. Duk wanda ya san firimiyar Najeriya ya san ba Amstadam ba ce: doguwar tafiya a mota, filaye masu gargada, ga 'yan kallon da ba sa yafe rashin nasara a gida. Mutumin da ya saba da sanyin Turai ya zauna ya jure wannan. A watan Yunin 2023 ya ci wa Enyimba kofin lig, na tara a tarihinta, a wasannin ƙungiyoyi shida da aka buga a Legas. Ban taɓa ganin suna ya buga wasan waje ya dawo da maki ba.

Inda abokinka ya samu abin kamawa shi ne Super Eagles. Finidi ya yi wa kocin Super Eagles na lokacin, José Peseiro, mataimaki, sannan aka ba shi ragama a Afrilun 2024. Wasa biyu na neman gurbin kofin duniya suka kayar da shi: kunnen doki 1-1 da Afirka ta Kudu a Uyo, sai Benin ta lallasa mu 2-1 a Abijan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta fara maganar kawo Bature a ɗora a kansa, ɗan wasan gaba Osimhen kuma ya fito intanet yana ta yi masa faɗa. A Yuni ya ajiye aikin. A ganina wannan ba gudu ba ne. Wa zai yarda a yi masa kishiya ko wata biyu bai cika a ɗaki ba?

Aikin kulob daban yake. Kullum kana tare da yaranka a filin atisaye, kana gyara su sannu a hankali, kuma nan Finidi ya fi ƙarfi. Rivers United ta garinsu ta ɗauke shi a 2024, a kakarsa ta farko ta ƙare ta biyu bayan Remo Stars.

Ka ce wa abokin naka shi zai biya kuɗin shayin, amma ban da ƙwai.