Tsofaffin takardun sefa a adakar mahaifi: nawa za su yi a gwanjo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Da muka buɗe adakar marigayi mahaifinmu mun tarar da tsofaffin takardun kuɗi guda 14, na sefa da fam na Najeriya, har da na Biyafara biyu. Wani ya taya su jikka hamsin a dunƙule, wani kuma ya ce a Turai miliyoyi ne. Yaya zan gane gaskiyar darajarsu? Daga mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku. Kafin komai, kada ka wanke su, kada ka sa musu dutsen guga, kada ka liƙe yagewa da salatif. Masu saye suna karkata takarda a gaban fitila su ga tudun tawada. Guga tana kwantar da tudun nan, wanki yana kashe ƙarar takardar, kuma da zarar an gane an taɓa ta, farashi ya faɗi.

Tsufa kaɗai ba ya sa takarda tsada. Abin da ake biya shi ne ƙarancinta da lafiyar jikinta. Fam ɗaya na Biyafara, misali, yana nan jibge a hannun masu tarawa, ba ya kawo wani abin kirki.

Fara da gane kowace takarda. Karanta sunan bankin da ya fitar da ita. In ka ga Banque de l'Afrique Occidentale, ta zamanin Turawa ce, kafin 1955, ita ya kamata ka fi kula da ita. In BCEAO ce, wato babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, nemi harafin ƙasa kusa da lambarta: H Nijar, A Kodebuwa, K Senegal, T Togo, D Mali. Harafin E na Muritaniya ne, wadda ta fita daga sefa a 1973, shi ya sa ake nemansa. Sai shekara da sa hannu. Takardu biyu masu zane ɗaya suna iya bambanta nesa a farashi don kawai sa hannun da ke ƙasa ba ɗaya ba ne, ko don an buga kaɗan a waccan shekarar. A jerin takardun sefa da ake kira na 1992, alƙaluma biyu na farkon lambar su ne shekarar bugawa. In akwai ƴar 2.500 a cikin naka, ware ta gefe, domin ba ta daɗe tana yawo ba. Shi wannan jerin an janye shi tun 2004, ba ya sayen komai a Kasuwar Dole, darajarsa tana wajen masu tarawa ne kawai.

Lafiyar takarda ita ce inda kuɗin yake. Wanke hannu, shimfiɗa ta a kan farin ƙyalle, ka ƙirga ninki. Gidajen gwanjon Faransa suna jera daraja daga ƙasa zuwa sama: B, TB, TTB, SUP, SPL, NEUF, wato sabuwa fil. Kamfanin PMG na Amurka kuwa, wanda ake tura wa takardun kuɗi ya tantance lafiyarsu, maki yake bayarwa daga 1 zuwa 70. Ninki ɗaya tak a tsakiya ya isa ya fitar da takarda daga NEUF. Ɗaga ta a hasken rana: za ka ga hoton da ke ɓoye cikin takardar in tana da shi, wanda ke taimakawa wajen gane ko jabu ce, za ka kuma ga ƴan hujojin allura, don a da bankuna da fil suke haɗa ƙunshi. Huji biyu ƙanana ana yafewa a tsohuwar takarda. Tsatsar fil, cin gara, tabon mai da lissafin da ɗan kasuwa ya yi da biro a bayanta, waɗannan ba a yafe su.

Daga nan sai farashi. Kada ka dogara da abin da mai kaya ya yanka a intanet, nemi abin da aka sallama. Samo ciniki uku da aka kammala a shekaru biyun nan, harafi ɗaya, shekara ɗaya, daraja ɗaya da taka, ka ɗauki na tsakiya. Sannan cire la'ada. A ce ka ga an rubuta sefa 120.000, kuma ciki har da kashi 20 da mai saye ya ƙara wa gidan gwanjo. Ainihin cinikin 100.000 ke nan. In gidan ya cire maka kashi 15, saura 85.000, ba a fitar da kuɗin aikawa ba tukuna. Saboda haka takardar da ta sha hannu ba ta cancanci a tura ta waje a yi mata maki ba, kuɗin aikin zai cinye ta.

Game da tayin jikka hamsin, ka ce albarka tukuna. Mai saye a dunƙule sau da yawa guda ɗaya ya hango a ciki. Kuma tunda kayan gado ne, a yi ƙimar a gaban sauran magada. Duk wanda ya ce ka fara turo kuɗin rajista kafin ya saya, rabu da shi.

Kafin ka gama bincike, sa kowace takarda ita kaɗai tsakanin farar takarda biyu, a kwance, nesa da rana da danshin damina. Kada ka ɗaure su da roba, tana narkewa da zafin bazara ta manne.