Tambaya da Amsa: Gina Asibitin da Za a Iya Faɗaɗawa Ba Tare da Rusau Ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta ci gaban unguwa ta tara kuɗin gina ƙaramin asibiti mai gado goma, kuma muna da niyyar ƙara ɗakuna in hali ya samu. Yaya za mu gina don kada gobe a zo ana fasa bango?
Sakataren ƙungiya, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku yarda bango ya ɗauki nauyin rufi. A tsayar da ginshiƙan kankare da rodi a tazara iri ɗaya, misali mita 7.2 ta kowane ɓangare, a ɗaure su da bim, wato kankaren da ake zubawa a kwance don haɗa kawunan ginshiƙan. Bangayen ciki na bulo inci shida su zama na raba ɗaki kawai. Ta haka ne sito zai koma ɗakin haihuwa, ko a yanke wani sashe a keɓe majinyata idan sanƙarau ya ɓarke, kamar yadda aka gani a 2017. Wannan sashen a ba shi ƙofarsa da bayan gidansa tun yanzu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bututu. Mai aikin famfo ya fi son ya binne shi cikin bangon ciki, ranar da aka taɓa bangon sai ruwa da wuta su yanke wa kowa. A jera bayan gida da wurin wanke hannu a gefe ɗaya, bututun ya bi bangon waje, kowane sashe da makullin ruwansa. Sokawe da tankin ruwa kuma kada su tare gefen da za a ƙara gini.

Zafin Afrilu a Sakkwato yana wuce digiri 40, don haka ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa, baranda ta yi musu inuwa. A ɗaga silin ya haura mita uku. Ban ba ku shawarar mayar da kwantenar ɗaukar kaya ta zama ɗaki ba: in babu rufi na biyu a samanta, majinyaci ba zai iya kwana ciki ba.

Faɗin hanyar ciki mita 2.4, ƙofar ɗakin kwanciya mita 1.2, don gado ya wuce.

Rodin da ake bari tsirara a bakin gini don ƙari nan gaba, damina biyu ko uku sai tsatsa ta ci shi. A lulluɓe shi da kankare mara ƙarfi da za a iya farfasawa. In kuna tunanin bene ko faifan sola a kan rufi, ku faɗa wa injiniya kafin a haƙa harsashi.