Shin In Sayi Gidan Da Aikin Faɗaɗa Titi Zai Shafa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini wani gida a bakin babban titi da araha sosai, sai dai na ga an shafa wa katangarsa alamar jan fenti, maƙwabta kuma suna cewa za a faɗaɗa titin. Dillalin ya ce ko an rushe, gwamnati za ta biya diyya. Shin in saya? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka ba da ko kafin alƙalami tukuna, domin diyyar da dillali ke kwaɗaita maka ba lallai ta mayar maka da kuɗinka ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda amfanin jama'a, kamar aikin titi. Abin da sashe na 29 ya tanadi a biya shi ne darajar gini da shuke-shuken da ke kan filin, ba farashin filin a kasuwa ba, alhali a gidan bakin titi, fili ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin.

Jan fentin nan ma abin dubawa ne, don yana iya nuna cewa masu ƙiyasi sun riga sun zo sun rubuta sunan mai gidan na yanzu. In haka ne, shi za a kira ranar biya, kai kuma a bar ka da takardar ciniki. Idan titin na Gwamnatin Tarayya ne, mita 45.72 daga tsakiyarsa ta kowane ɓangare haƙƙin hanya ne, kuma wanda ya yi gini a ciki ba tare da izini ba, yana iya tashi a tutar babu.

Ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ka binciki takardar shaidar mallakar gidan, sannan ka tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko ginin yana da izini da kuma iyakar inda aikin zai ci. Dillali dai la'adarsa yake nema, ba za a neme shi ranar rusau ba. Idan katanga da zaure kaɗai za a yanke, cinikin zai iya yiwuwa, muddin aka rage farashi, lauya ya rubuta cewa diyyar taka ce a gaban shaidu, aka kuma nemi amincewar gwamna kan sauya mallakar.