Zauren Masu Kallo: “Na kalli Psycho, ko gezau ban yi ba”

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan tsoffin finafinan ban tsoro suka zo. Na zaɓi huɗu, kuma ta farkon ce ta fi cin wuri, domin ita ta fi taɓa ni.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, shekaruna 21. Muna da abokai da muke haɗuwa mu yi hirar finafinai, manyan cikinmu ba su da zance sai na Psycho. Na nemo shi na kalla har ƙarshe, wallahi ko gezau ban yi ba. Baƙi da fari, tafiyar hawainiya, jinin ma ɗan kaɗan. Ni ne ban gane ba, ko su ne suke zuzuta shi?

AMSA: Wa’alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi da ka faɗi gaskiyarka, domin da yawa sukan yi shiru a gaban manya su bi yarima a sha kiɗa. Ni ma kallona na farko bai kama ni ba. A ƙaramar talabijin na gan shi da rana tsaka, mutane na ta surutu a kaina. Sai bayan wasu shekaru na sake zama da shi ni kaɗai da dare, ranar nan na gane abin da ake faɗi.

Ina jin razana ka shiga nema, shi kuwa Alfred Hitchcock, daraktan fim ɗin, fargaba ce sana’arsa. Razana ita ce a buga ƙofa da ƙarfi ka zabura, kafin numfashi uku ka manta. Fargaba zaman ɗar-ɗar ne: ka san abu na tafe, ba ka san yaushe ba. Shi da kansa ya bayyana wannan a hirarsa da daraktan Faransa François Truffaut a 1962. Misalin da ya bayar shi ne na mutum biyu suna hira a teburi, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsu. Mai kallo zai razana na daƙiƙa 15. In kuwa tun farko aka nuna maka bam ɗin, ka san ƙarfe nawa zai tashi, ga agogo a bango yana tafiya, to hirar nan tasu da ba ta da kai ba ta da gindi za ta riƙe ka na minti 15, kana ji kamar ka daka musu tsawa su tashi.

Ka koma Psycho da wannan a ranka. Kowa wurin da aka kashe mace da wuƙa tana wanka yake magana a kai, kuma ya cancanta: kimanin mako guda aka yi ana ɗaukarsa, jinin da ka raina ruwan cakulan ne tunda fim ɗin ba kala, kukan da ke tsaga kunne kuma gogen Turawa ne zalla daga hannun mai tsara kiɗan fim ɗin, Bernard Herrmann. Ka sa ido sosai, za ka ga kusan ba a nuna wuƙa ta shiga jiki ba, ƙwaƙwalwarka ce ta ƙarasa aikin. Amma ni abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. Norman Bates, mai kula da otal ɗin da aka yi kisan, ya tura motar matar cikin fadama don ɓoye abin da ya faru, motar ta fara nutsewa, sai ta tsaya cak. Ka tambayi zuciyarka me ta so a wannan lokacin. Tawa so ta yi motar ta ƙarasa nutsewa. Da na lura da haka sai jikina ya yi sanyi, domin fim ɗin ya ja ni ɓangaren mai ɓoye laifi ba tare da na ankara ba. Babu yawan jinin da zai yi maka irin wannan.

Ko Jaws na 1975 a kan wannan turba ya yi suna. Kifin shak na inji da aka ƙera wa daraktansa Steven Spielberg ya yi ta lalacewa a ruwan teku, dole ya koma nuna rawayen ganguna suna yawo a kan ruwa, da kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ƙara sauri. Lalacewar inji ta zame masa gobarar Titi.

Shawarata: ka ajiye waya a wani ɗaki, ka kashe fitila, ka ƙara sauti. Idan bayan wannan ma bai yi maka ba, ka faɗa wa abokanka haka ba kunya, amma ka zo da dalilinka.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina yawan jin ana kiran wasu finafinai da sunan “cult”. Na ɗauka finafinan matsafa ne, sai yayana ya ce ba haka ba ne. Don Allah a warware mana.

AMSA: ’Yar’uwa, yayanki ya yi gaskiya. Ni nakan ce musu finafinan ’yan gani-kashe-ni. Fim ne da galibi bai yi kasuwa ba lokacin fitowarsa, ko masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, amma wasu tsirarun masoya suka riƙe shi gam, suna maimaita kallo, suna haddace maganganunsa, suna jawo wasu, har ya fi ƙarfin a manta da shi.

Misalin da na fi so shi ne The Thing na John Carpenter. Ya fito a watan Yunin 1982, mako biyu bayan E.T., lokacin da jama’a ke marmarin baƙon sama mai tausayi. Shi kuwa sai ya zo da maza 12 a sansanin bincike a Antaktika, da wata halitta mai shiga jikin mutum ta kwaikwaye shi tsaf, har ba wanda ya yarda da ɗan’uwansa. Masu sharhi suka ce ƙazanta ce, silima ba ta cika ba. Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka tashe shi daga baya. Akwai wurin da ake gwada jinin kowa da zazzafar wayar ƙarfe, ana ɗaure da mutane a kujera. Na kalle shi ya fi sau goma, har yau tafin hannuna gumi yake. Shekara sama da 40 ke nan masoyansa na gardama a kan ma’anar ƙarshensa, kuma ban taɓa ganin an gama ta ba.

Wani lokacin ma kuskure ne ke raya fim. Night of the Living Dead na George Romero, 1968, an canza masa suna gab da fitowa, aka manta ba a sa alamar haƙƙin mallaka ba. A dokar Amurka ta lokacin, hakan ya mai da shi na kowa, sai ya bazu ko’ina.

TAMBAYA: Malam, mun yi sa-in-sa da abokina. Na faɗi ƙarshen wani fim na shekarun 1950 a cikin hira, ya yi fushi wai na fasa masa ƙwai. Fim ɗin da ya girmi iyayenmu, ina laifina?

AMSA: Ɗan’uwa, ka ba shi haƙuri. Tsufan fim a wurinka yake, a wurin wanda bai gani ba sabo ne fil. Masu yin finafinan nan ma sun damu da haka. Les Diaboliques na Henri-Georges Clouzot, wanda ya fito a Faransa a 1955, da rubutu yake ƙarewa ana roƙon masu kallo kada su faɗa wa abokansu abin da suka gani. A 1960 Hitchcock ya sa gidajen silima sun hana kowa shiga Psycho da zarar an fara. Kafin ka buɗe baki, ka tambaya: “Kowa ya gani?” In akwai wanda bai gani ba, ku yi zancen kiɗa, ko wasan jarumai, ku ajiye ƙarshen sai wani zaman.

TAMBAYA: Malam, kullum na Turawa kake kawowa. Indiya ba su da tsoffin irin waɗannan ne?

AMSA: Suna da su Hajiya, kuma kin yi daidai da kika tuna mini. Ki fara da Mahal na 1949, fim ɗin farko da Kamal Amrohi ya ba da umarni. Ashok Kumar ya shiga wani tsohon gida, ya tarar da zanen mutum mai kama da shi sak a bango, can sai ga mace a kan lilo cikin dare, kafin ya ƙarasa ta ɓace, lilon na ci gaba da kaɗawa. Madhubala ce, tana ’yar shekara 16. Waƙar da ke cikinsa, “Aayega Aanewala”, ita ta ɗaga sunan Lata Mangeshkar. Don muryar ta fito kamar daga nesa take tahowa, sai aka sa ta fara rerawa daga can kusurwar ɗakin ɗaukar sauti, tana takowa a hankali zuwa makirufo. Ki sa abin saurare a kunne lokacin da waƙar za ta fara, za ki ji takowar. In kin gama, ki bi shi da Woh Kaun Thi na 1964, sannan ki rubuto mini wanne ya fi hana ki barci.