Amsar Tambaya: Kalmar "frigid" da danginta da suka shigo Hausa

Wata ɗaliba daga Zariya ta aiko da tambaya: ta ci karo da kalmar Ingilishi "frigid" a littafin labarin ƙasa, tana son sanin ma'anarta, da asalinta, da ko za a iya fassara ta da "sanyi" kawai.

To, 'yar uwa, "frigid" sifa ce ta sanyi mai tsanani, irin wanda ruwa ke daskarewa a cikinsa ya zama ƙanƙara, wato daga digiri 0 a ma'aunin Salshiyos zuwa ƙasa. Shi ya sa masana labarin ƙasa ke kiran yankunan da ke can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu na duniya, daga wajen digiri 66 da rabi na nisa daga layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), da wannan suna. Asalinta Latin ne, daga "frigidus", mai sanyi. Rumawa ma suna kiran ɗakin ruwan sanyi na gidajen wankansu "frigidarium". Daga wannan tushe Faransanci ya samu "froid". Amma "freeze", wato daskarewa, duk da kamar da suke yi a kunne, ba 'yar gidan ba ce: tsohuwar kalma ce ta Ingilishi, 'yar uwar "frieren" ta Jamusanci.

Ke ma kina furta wannan tushe kullum. Firji ɗinmu daga "fridge" ya zo, wanda Turawa suka gutsuro daga "refrigerator". A Nijar kuwa za ki ji firigo, daga "frigo" na Faransanci. Tushe ɗaya ne, ya shigo mana ta ƙofofi biyu.

Batun fassara ne na fi so ki kula da shi. In ana maganar yanayi, "sanyi" shi kaɗai ya yi rauni. Hausa ta bambance sanyi, mai tafiya da laima, da ɗari, busasshen sanyin iskar hunturu mai fasa leɓe da kaushin ƙafa. Akwai jaura, akwai muku-muku. Sai dai duk tsananinsu ba sa daskarar da rijiya, don haka gara ki ce "sanyi mai daskarar da ruwa" ko "matsanancin sanyi". In ruwan sha ne, ki ce ya yi sanyi ƙarara.

Inda masu fassara ke zamewa shi ne in an sifanta mutum ko tarba da kalmar. Bature da ya san azabar ƙanƙara, sanyi a wurinsa rashin fara'a ne da ɗaure fuska. Mu da rana ke gasawa, sanyi sau da yawa alheri ne: mai sanyin hali abin yabo ne, ɗa nagari sanyin idaniya ne, kuma da sanyin safiya ake kama fara. Wanda ya fassara tarba irin wannan da "tarba mai sanyi" ya kusa juya maganar. Abin da ya dace shi ne "an tarbe shi ba yabo ba fallasa", ko in ta yi tsanani, "ba a ba shi fuska ba".

Ki kuma kiyaye sifanta mace da "frigid" a Ingilishi. A can tana nufin marar sha'awar namiji, kuma cin fuska ake ɗaukar ta.